In an gayyace ka harbin gofa a karkarar Kanada

'Yan uwa sababbin zuwa lardunan Albata da Saskacuwan na yammacin Kanada, da zarar ƙanƙara ta narke wajen watan Afrilu za ka ji abokan aiki suna ta maganar fita harbin gofa, wata 'yar dabba ce mai kama da kurege, tana haƙa ramuka a gona da makiyaya ta cinye shuka, ramukan kuma su lalata wa manomi injin. A 2023 an hana amfani da gubar strychnine a kansu, manoma da yawa kuma murna suke in an zo an rage musu.

Toh amma dan Allah kar ka ɗauka irin farautar gida ce da za a kwashi karnuka da gora a faɗa daji kawai. Nan filin da ka gani shiru babu kowa ɗin nan yana da mai shi. A Saskacuwan tun 1 ga Janairun 2022 doka ta ce sai da izinin mai gona za ka shiga, ko da babu allon gargaɗi, a Albata kuma tarar shiga gonar mutum na iya kaiwa dalar Kanada 10,000 a karon farko. Ka je da rana ba bindiga a hannu, ka gaisa, ka faɗi sunanka, ka tambaye shi ina shanu suke, ina gidaje suke, wane ɓangare yake so a yi, in ya yarda ya turo maka tes ka ajiye a waya. Ƙofar shinge da ka samu a rufe ka maida ta a rufe.

Bindiga kuwa sai da lasisin mallakar bindiga da ake kira PAL na 'yan sandan tarayyar Kanada (RCMP), sai ka yi kwas ɗin tsaro ka ci jarabawa, sannan jira aƙalla kwana 28. In ba ka da shi za ka iya harbi ne kawai mai lasisin yana tsaye gefenka, ba wai ya ba ka ya tafi can nesa ba. A mota kuma a cire harsashi. Wallahi laifin bindiga na iya taɓa takardun zamanka, wannan shi ya fi damuna da mu baƙi.

Yawanci ƙaramar bindigar da ake kira .22 ake amfani da ita, kar ƙanƙantarta ta ruɗe ka, harsashinta na wuce kilomita ɗaya da rabi kuma yana dukan ƙasa ya yi tsalle. Filin shimfiɗe yake, sai ka duba me ke bayan gofar kafin ka ja kunama, in ta tsaya a kan tudu babu komai bayanta sai sama, ƙyale ta.

Ka tafi da ruwa, hula, abin toshe kunne da dogon wando saboda kaska. Akwai wata ƙaramar mujiya mai dogayen ƙafafu da ke zama cikin ramukan, doka ta hana taɓa ta, ka duba da kyau. Naman gofa kuma a bar shi nan, ƙumar jikinta na ɗauke da cuta, ko ɗauka za ka yi sa safar hannu.