Yadda Ake Zaɓen Hoton da Zai Raka Labari

Mai karatu a waya yakan ga hoto tun kafin ya karanta kanun labari, kuma da shi yake fara yanke hukunci. Saboda haka editan da ke aiki a Gusau ko Birnin Kebbi yana bin matakai kafin ya wallafa.

Da farko ana neman hoto daga wakilin da ya je wurin, a tambaye shi rana da gari da wanda ya ɗauka. Idan babu, sai a duba taskar gidan jaridar, ko a nema daga kamfanonin dillancin labarai irin su NAN da AFP da Reuters bisa yarjejeniya. Kwaso hoton wani daga Facebook ba da izininsa ba keta haƙƙin mallaka ne.

Daga nan sai tantancewa, wadda a ganina ita ce gundarin aikin, musamman a labaran hare-haren 'yan bindiga, inda tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe ke yawo a WhatsApp. Ana sanya hoton a manhajar binciken hotuna a intanet irin su Google Lens ko TinEye domin a ga ko ya taɓa fitowa a baya, sannan a ƙura wa abin da ke cikinsa ido: lambar mota, allon shago, kakin jami'an tsaro da yanayin gari. In aka ce an ɗauki hoto a Maru cikin watan Maris, alhali ga gero ya fid da kai kuma ciyawa ta yi kore shar, to hoton damina ne, sai a ajiye shi.

Ko hoton ya tabbata, sai an auna mutuncin waɗanda ke ciki. Ba a baje gawa a gaban jama'a. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba idan wani laifi ya shafe shi, don haka bai dace a riƙa jawo fuskokin ɗaliban Jangebe da aka sace a 2021 duk lokacin da aka sami labarin satar mutane ba. Haka kuma liƙa hoton makiyayi da shanunsa a labarin hari zalunci ne, domin an shafa masa laifin da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Cikin hotunan da suka tsallake, ana fifita wanda ya kama mutane suna tsakiyar yin wani abu. A bikin kamun kifi na Argungu, masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa sun fi jerin manyan baƙi a rumfa isar da labari. Ana iya datse gefen hoto ya dace da fuskar waya, amma ba a ƙara wani abu ko a goge.

A ƙarshe ana rubuta bayani a ƙasa: su wane ne, a ina, yaushe, da sunan mai ɗauka. Idan daga taska aka ciro shi, dole a rubuta “tsohon hoto” ƙarara.