Yadda za ka ɗauko darasi a intanet ka kai shi kalas

Ni dai ranar da na fara karanta abin da wasu malammai ke rubutawa a intanet kan aikinsu sai da raina ya ɓaci, wani mushen lakwal can Faransa na ba da labarin kalas ɗinshi yara ashirin da 'yan kai kowa da kwamfuta, ni ko ga ni da ɗiyan mutane cike da CM1, aji na biyar na firamare, wasu ma bisa tabarma. Na kashe waya na kwanta. Sai daga baya na gane yadda ake cin moriyar abin.

Kahin ka buɗe koneksiyon ka san darasin da kake nema, guda ɗaya tak, in ba haka ba megas ɗinka su ƙare kana Facebook baka tsinana komi ba. In ka samu wanda ya yi ma ka sauke shi a waya ko ka ɗauki hoton shi, don gobe ba lalle a samu rezo ko kuran ba.

To babban aikin shi ne sake mai riga, kar ka kwafe shi bisa tablo yadda yake. Lissafi ya zo da yuro da tuffa? Maida shi jikka da dala, tiyar gero nawa a buhu, Hajiya ta sayi gyaɗa a babbar kasuwa nawa ya rage mata, nan take zaka ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ba da amsa don kullum shi ake aike. Darasin koguna kuma ka bar masu kogunansu ka kawo Gulbin Maraɗi, yadda yake tasowa daga wajen Katsina ya biyo ta Jibiya ya shigo wajenmu Nijar, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima, kuma da rani sai rairayi, wannan sun gani da idonsu.

Kuma ka riƙa gwada darasin da littafin porogaram, wato tsarin karatun gwamnati, ba duk wanda ya rubuta ne ya sani ba, ni na taɓa kwaso wata shekara ba daidai ba wata yarinya ta gyara ni gaban kowa, kunya kamar in nutse.

In darasin ya yi kyau rubuta layi biyar ka tura ma abokan aiki a WhatsApp, da Hausa ma ya yi, ka faɗi har inda yaran sunka kasa ganewa.