Yadda Ake Samar da Wuri Idan Kwamfuta Ta Ce Faifanta Ya Cika

Idan ka buɗe This PC ka ga layin faifan C ya koma ja, Windows na gaya maka wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kwamfutar za ta fara nauyi, sabuntawa ta ƙi sauka. Kada ka yarda wani ya ce sai an yi mata fomatin. Yawanci abin da ya cika ta tarkace ne, kuma da hannunka za ka share su.

Da farko ka gano abin da ya cinye wurin. Shiga Settings, ka danna System, sannan Storage. A Windows 10 da 11 za ka ga yadda aka kasa wurin: manhajoji nawa, fayilolin wucin gadi nawa. Wanda ya fara gogewa kafin ya duba nan, hotunan iyali yake asara, alhali matsalar tana can wani wuri.

Daga nan sai ka danna Temporary files. Ka karanta kowane layi kafin ka sa masa alama, musamman Downloads, domin da yawanmu a nan muke barin takardun makaranta da rasit. Recycle Bin kuwa ka zubar da shi, don abin da ka goge yana nan yana riƙe da wurinsa har sai ka yi hakan.

Idan kwanan nan aka ɗaga Windows ɗinka zuwa sabo, rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, ka zaɓi Clean up system files. A nan ake samun Previous Windows installations, wato foldar Windows.old, wadda kan ci gigabait masu yawa. Windows kan share ta da kanta bayan kwana 10. Idan ka riga ta, ka sani ba komawa tsohon tsari kuma.

Sai babban ɓarawon wuri: bidiyo. Fina-finan da aka turo maka a shago, wa'azozi, bikin da aka kwafo daga waya sau biyu. Buɗe File Explorer, ka shiga faifan C, ka rubuta size:>1GB a akwatin bincike, manyan fayiloli za su fito. Naka da ka gane kaɗai za ka taɓa. Ka kwashe su zuwa faifan D idan akwai, ko faifan waje, ka buɗe kwafin ka tabbata yana aiki kafin ka goge na asali.

Manhajar da ba ka amfani da ita, ka cire ta ta Apps a cikin Settings, ba ta goge foldarta ba. Foldar Windows kuwa, da System32 da WinSxS da ke cikinta, kada ka kusance su komai girmansu. Akwai masu ba da shawarar kashe hibernate, wato tsarin da ke adana aikin da ka buɗe a faifai kafin kwamfuta ta mutu, don a samu wurin da fayil ɗinsa hiberfil.sys ya ci. Ni ban so hakan a laftof ba, domin a inda wuta ba tabbas, shi ke ceton aikinka idan batir ya ƙare.

Idan wuri ya samu, kunna Storage Sense ya riƙa shara da kansa. Amma ƙananan laftof masu ma'aji na gigabait 32 ko 64 za su sake cika ko ka share yau, tunda Windows 11 ma 64 take nema kafin a sa ta. Irin waɗannan sai katin memori ko faifan waje, ko ka tambayi mai gyara ko za ta karɓi SSD, wato faifan ajiya da ake sawa a cikinta.