Tukunyar da za ka goya a bayanka kwana da kwanaki

Daren farko na wata tafiyar ƙafa ta kwana huɗu da na yi cikin duwatsu, da yunwa na kwana, alhali ga abinci a jaka, ga gas cike da gwangwani. Tukunya ce ta hana ni ci. Abu ɗaya ya sa na saye ta: da na ɗaga ta a tafin hannu sai na ji kamar ban riƙe komai ba. Ta taitaniyam ce, gram 100 da 'yan kai har da murfinta. Na zuba shinkafa, na ɗora a kan ɗan rishon gas, na juya ina kafa tanti. Ban gama ɗaure igiya ta uku ba ƙauri ya cika wurin. Tsakiyar gindinta, daidai inda harshen wuta yake duka, ta yi baƙin ƙanzo, shinkafar gefe kuwa ko laushi ba ta fara ba.

Laifin ba na tukunyar ba ne, aikin da ba nata ba na ɗora mata. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in taya shi zaɓen tukunyar tafiya, ba na fara masa da maganar nauyi. Tambayata ita ce: in ka sauke kaya da yamma, gwiwoyinka suna rawa, me za ka ɗora a wuta? Masu tafiya da jakar goyo kashi biyu ne. Akwai wanda ruwa kawai yake tafasawa, ya zuba a busasshen abinci ko ya haɗa shayi, ya rufe ya ɗan jira. Akwai kuma mai girki na sosai, wanda zai soya albasa, ya rage wuta, ya bar abu ya nuna a hankali. Ka faɗa wa kanka gaskiya a nan. Da yawanmu a gida muna ƙiyasta girki mai rai da lafiya, amma in gajiya ta zo, ruwa muke tafasawa mu kwanta.

In ka san wane ne kai a cikin biyun, maganar ƙarfe ta zo da sauƙi. Uku ne za ka fi cin karo da su: alminiyam, taitaniyam, da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wato sitenlas. Mutane kan yi mamaki in na ce musu alminiyam ne ya fi rashin nauyi a cikinsu. Ka yanko ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowace fuska: na alminiyam gram 2.7 ne, na taitaniyam 4.5, na sitenlas kusan 8. Abin da ya ɗaukaka taitaniyam ƙarfinsa ne. Ana iya buga shi ya yi sirantaka ƙwarai bai lotse ba, sai tukunyar ta fito shafal. To, wannan sirantakar da ta sa ka ƙaunace shi ita ce take ƙona maka abinci, ga shi kuma da rowar zafi. A ma'aunin yadda zafi yake ratsa ƙarfe, tsantsar alminiyam tana da 237, taitaniyam wajen 22, sitenlas wajen 15. Wato in wuta ta daki gindin tukunyar alminiyam, nan da nan zafin ya bazu har gefe. A taitaniyam kuwa inda ya sauka nan yake tsayawa. Ruwa bai damu da wannan ba, domin shi da kansa yake juyawa ya rarraba zafin. Shinkafa, ƙwai, ko miya mai kauri ba sa iya haka, shi ya sa suke kamawa.

Saboda haka, mai tafasa ruwa kawai ya ɗauki taitaniyam hankalinsa kwance. Ba ya tsatsa, ba ya canza ɗanɗanon abinci, kuma bakin kofinsa yana saurin hucewa, ba ya ƙona leɓe kamar na alminiyam. In zafi ya rina gindinsa shuɗi-shuɗi, kada ka damu, halinsa ke nan, ba lalacewa ba ce.

Mai girki kuwa, ni dai shawarata alminiyam ce, amma ba farin nan mai laushi ba. Ka nemi mai launin toka mai duhu, wanda aka taurara fatarsa da lantarki a cikin ruwan asid, ana ce masa anodais. Farin alminiyam yana lotsewa da wuri, kuma in ka dafa abu mai tsami irin tumatir a ciki, yakan ba abincin wani ɗanɗanon ƙarfe. Taurararriyar fatar nan tana tare wannan, tana kuma jure karce. Bambancin nauyinsa da taitaniyam a tukunyar mutum ɗaya bai wuce 'yan gomomin gram ba, kuma a wurina abincin da ya dahu daidai ya fi ƙarfin wannan bambanci nesa ba kusa ba.

Akwai masu shafen hana kamu a ciki, irin Teflon. Suna da daɗin wanki, musamman inda ruwa yake da wuya, amma suna son lallaɓawa. Shafen yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260, kuma siririyar tukunya da aka bari a wuta ba komai a ciki ba ta daɗewa take kai wa nan. Cokalin ƙarfe yana karce shi, yashi ma haka. In ka san kai mai gaggawa ne wurin girki, ka bar shi.

Sitenlas na mai hura wutar itace ne da wanda mota za ta kai shi har bakin wurin kwana. Yana shan duka, ana kankare shi da yashi ba abin da zai same shi, sai dai nauyi, kuma shi ma yana kama abinci in siriri ne. Kaskon ƙarfen zubi kuwa ba kayan goyo ba ne sam.

Sai girma, inda na ga mutane sun fi yin kuskure, ta fuska biyu. Wani ya kwaso jerin tukwane uku da kasko da buta don an haɗa su a kwali ɗaya, ya dawo bai taɓa ko rabinsu ba. Wani kuma son rage nauyi ya sa ya ɗauki kofi mai mililita 500, kullum yana tafasa yana zuba a wuta. Ka sani lambar da aka rubuta a jikin tukunya har baki take nufi, kai kuwa ba za ka cika ta fal ba, dole ka bar wa tafasa wuri. Mutum ɗaya, mililita 750 zuwa 900 ta ishe shi. Mutum biyu, lita 1.3 zuwa 1.5. In kun kai huɗu, tukunya biyu matsakaita sun fi ƙatuwa guda, domin ɗan rishon da ake ɗaurawa a kan gwangwani ba ya son babbar tukunya, ƙaramin motsi sai ta kife, kuma ruwan zafi a cinya a wurin da asibiti yake da nisan yini guda ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka biya, ka gwada ko kayan wutarka za su shige cikinta. Gwangwanin gas na tafiya yawanci uku ne: mai gram 100 ko 110, mai 230, da mai 450. Ƙaramin faɗinsa wajen santimita 9 ne, yana shiga yawancin tukwane masu mililita 750, har a samu wurin risho da laita a samansa. Mai 230 faɗinsa wajen santimita 11, sai tukunya mai faɗin baki. Tukunyar da ta haɗiye kayan girkinka duka ta rage maka cunkoso a jaka fiye da yadda kake zato.

Siffa ma tana da magana. Doguwa mai tsukakken gindi tana da daɗin sakawa a jaka, amma harshen wuta yana zarce gefenta ya tafi a banza. Gajera mai faɗi tana tare wutar, tana saurin tafasa, ta fi zama daram, ta kuma fi sauƙin juya abinci da wankewa. In rishonka mai baza wuta ne, faɗin ya zama dole.

Murfi kada ka bar shi a gida don rage gram 20. Rashinsa yana sa ka ƙona ƙarin gas. Ka duba yana zama daidai, yana da ɗan mariƙin da za ka iya ɗagawa da cokali, in da 'yan huji na tsiyaye ruwan taliya, to madalla. Mariƙin tukunya kuwa, wanda yake naɗewa a jikinta ya fi sauƙi, amma ka cika ta da ruwa ka ɗaga ka ji ko yana rawa. Masu rufin roba suna kare yatsa, sai dai wutar itace tana cinye robar. Wasu tukwanen ba su da mariƙi, sai ɗan awartaki da ake kama bakinsu da shi. Yana aiki lafiya, amma ƙaramin abu ne mai saurin ɓata cikin ciyawa da dare, don haka nawa na ɗaura masa jan zare. Ka kuma nemi mai zanen awo a ciki, ya hutar da kai ɗaukar kofin awo.

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe: nauyin da bayanka yake ji ba na tukunya kaɗai ba ne, na tukunya ne da risho da makamashin kwanakin duka. A gwajin da nake yi, rabin lita na ruwa yana cin gas tsakanin gram 6 zuwa 8 in babu iska kuma murfi yana rufe. Gwangwanin kansa, ko babu komai a ciki, ƙaramin yana kai wajen gram 100. Ka ga ke nan, in tukunya mai ɓarnar wuta ta tilasta maka ɗaukar gwangwani na biyu, duk gram ɗin da ka rage wurin sayenta ya dawo har da riba. Nan ne tukwane masu zobe na siraran ƙarafa a gindi, irin na kamfanin Jetboil, suke da amfani. Zoben yana kama zafin da zai gudu ta gefe. Sun fi nauyi a sikeli, don haka a tafiyar kwana ɗaya ko biyu ba sa biyan kansu. A tafiyar mako guda, ko in ana tafasa wa mutum uku, ko ana narkar da ƙanƙara don sha, suna biya. Yawancinsu dai na tafasa ne, ba na girki a hankali ba.

Iska ita ce babbar ɓarauniyar gas. Kamfanin Trangia na Suwidin ya gane haka tun 1951, da ya fito da murhunsa mai aiki da sifirit, wato barasar ƙonawa, wanda tukwane da makarin iska da abin wutar duk suke shigewa cikin juna. Yana da nauyi, yana da jinkirin tafasa, amma iska ba ta dame shi ba, har yau ana amfani da shi. Da rishon da yake zaune a kan gwangwani kuwa, ka yi hattara ƙwarai: kada ka zagaye shi ruf da makarin iska, zafi zai taru a jikin gwangwanin, yana iya fashewa. Ka tare gefen da iska take fitowa kawai, da dutse ko jakarka daga ɗan nesa. Kuma duk tsananin sanyi ko ruwan sama, kada ka yi girki a rufaffen tanti. Wuta tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana ganin gyangyaɗi ne kawai.

In tafiyarka ta hawan tsauni ce, ka tuna ruwa yana tafasa a digiri 100 ne a daidai bakin teku, kuma duk hawan mita 300 yana rage wajen digiri ɗaya. A mita 3,000, wajen digiri 90 ne. Tafasar tana zuwa, amma abinci yana daɗewa bai nuna ba. Dabarata ita ce in jiƙa abin da zan dafa tun ina kafa tanti, in ya tafasa in kashe wuta, in sa tukunyar a rigar da na ɗinka mata da abin rufin gilashin mota mai ƙyalli, in bar ta minti 15. Rigar ba ta da wani nauyi, tana ƙarasa dahuwar ba gas, kuma da ita ko taitaniyam yana dafa shinkafa ba ƙanzo. Da na san da ita a wancan daren, da ban kwana da yunwa ba. A wurin sanyi kuma ka duba nau'in gas ɗin da ke cikin gwangwanin: tsantsar butan tana daina tashi in sanyi ya kai wajen sifiri, aisobutan tana jurewa har wajen 12 ƙasa da sifiri, furofen har 42. Jirgin sama ba ya ɗaukar gwangwanin gas, sai ka sauka za ka saya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fita, ka ɗora komai a sikelin kicin ka rubuta. Sannan ka fita waje, inda iska take kaɗawa, ka dafa ainihin abincin da za ka ci a can, da wannan tukunya da wannan risho da wannan cokali. Ka auna gwangwanin kafin girki da bayansa, ka ninka da yawan girkin tafiyar, ka ƙara na kwana ɗaya. A nan za ka gane ko cokalinka gajere ne, ko murfin yana zamewa in ka tsiyaye ruwa.

Ni yanzu in ni kaɗai ne, tsohuwar tukunyar taitaniyam ɗin nake ɗauka da rigarta da dogon cokali guda, a cikinta nake ci, a cikinta nake sha. In mu biyu ne, ta alminiyam mai lita 1.3 da ƙaramin kofi. Wanki kuwa, da na gama ci nake zuba ruwa kaɗan in ɗumama, in goge da guntun soso, in zubar da ruwan nesa da rafi, aƙalla mita 60, don na ƙasa da ni shi ma sha zai yi. Sai in shanya ta ta bushe sarai, in naɗe gwangwanin gas a ɗan tsumma kafin in sa shi ciki. Gindin gwangwanin ƙarfe ne mai tsatsa, in ya kwana a danshi zai bar maka jan zobe a cikin tukunya, tsumman kuma yana hana shi ƙara a jaka da karce shafen ciki.