Yadda Ake Gane Folinomiyal Mai Rabe Jimla a Latis na Bekta

Ɗalibanmu da ke karatun lissafi mai zurfi a nan Legas, walau a Akoka ko a Ojo, sukan sha wuya a wannan batu, kuma a ganina dalilin shi ne gaggawar haddace manyan ƙa'idoji tun kafin a gwada ƙananan misalai da hannu. Latis na bekta, wanda ake kira da sunan Frigyes Riesz saboda jawabinsa a taron Bologna na 1928, fili ne na bektoci mai tsarin fifiko, inda kowane x da y suke da x∨y, mafi ƙanƙantar bektan da ke samansu, da x∧y, mafi girman bektan da ke ƙasansu. Ana cewa x da y a rabe suke idan |x|∧|y| = 0, wato duk inda ɗaya yake da ƙima ɗayan sifili ne, kamar 'yan kasuwa biyu a Mil 12 da kowa ke tsare da rumfarsa. Folinomiyal P mai rabe jimla ne idan P(x+y) = P(x) + P(y) ga duk x da y da ke rabe.

A kula tun daga farko cewa rabuwar nan ba ta da alaƙa da kusurwa mai digiri 90, duk da cewa a Turance ana kiran irin wannan P "orthogonally additive", sunan da ke tuna wa mutum wannan kusurwa. Bektoci (1,1) da (1,−1) suna haɗuwa a irin wannan kusurwa, amma ba a rabe suke ba, domin kowannensu yana da ƙima a gurabe biyun. Wanda ya rikita waɗannan biyu, duk abin da zai gina a gaba a kan yashi yake.

Sai a fara gwaji da P(s,t) = as² + bst + ct². A ɗauki (1,0) da (0,1): jimlarsu tana ba da a + b + c, alhali P na kowannensu idan aka tara a + c ne, don haka dole b ta zama sifili. Ma'ana, ba a yarda gurbi ya ninka wani gurbi ba.

Daga nan a koma C[0,1], wato filin fankshin marasa tsinkewa a kan tazarar 0 zuwa 1. Idan f da g a rabe suke to fg = 0, saboda haka (f+g)² = f² + g², kuma P(f) = ∫f² ya cika sharaɗi. Shi kuwa P(f) = f(0)f(1) ya faɗi, kuma ana nuna hakan da f(t) = (1−2t)∨0 da g(t) = (2t−1)∨0, inda P(f) da P(g) duk sifili ne amma P(f+g) = 1. Misali guda irin wannan ya wadatar wajen rushe da'awa.

Idan ana son hujja cikakkiya a daraja ta 2, wato inda kowane ɓangare na P ninkin abu biyu ne kamar s² ko st, a fitar da A(x,y) = ½[P(x+y) − P(x) − P(y)], a duba ko yana zama sifili ga duk x da y da ke rabe. Irin wannan A ne Buskes da van Rooij suka yi nazari a 2000.

Bayan an tabbatar, sai a nemi siffar P. Pérez-García da Villanueva sun nuna a 2005 cewa a C(K), filin fankshin marasa tsinkewa a kan wani fili K irin [0,1], kowane irin wannan P marar tsinkewa da duk ɓangarorinsa ke da daraja n ana rubuta shi P(f) = ∫fⁿ dμ da wani ma'auni μ, sannan Benyamini da Lassalle da Llavona suka faɗaɗa sakamakon zuwa latis na Banach, wato cikakken latis na bekta mai ma'aunin tsawo, a 2006. Tun 1991 Sundaresan ya yi aiki a kan ℓp, filin jerin lambobi xₖ da jimlar |xₖ|ᵖ ɗinsu take da iyaka, inda P(x) = Σaₖxₖⁿ, kuma idan n ta kai p ko ta zarce, ya isa jerin aₖ ya kasance mai iyaka. A Lp[0,1] kuwa, filin fankshin f da ∫|f|ᵖ ɗinsu yake da iyaka, a gwada n da p kafin a ɓata takarda, domin da zarar n ta zarce p, babu P da ya rage sai sifili.