Ga sababbin zuwa Faransa: in za ka saida kaya ga abokan ƙungiya

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan Damagaram, musamman ƙannenmu masu tafiya karatu da aiki Faransa. In ka zauna can za ka tarar kusan komai da ƙungiyarsa, masu tseren keke, masu ɗaukar hoto, masu ɗinki, har masu kiwon tantabaru, kuma junansu suke saida ma tsofaffin kayansu da sauƙin kuɗi. To dan Allah kar ka shiga yau gobe ka baza haja. Su sha'awa ce ta haɗa su ba neman kuɗi ba, wanda ya zo da talla tun ba a san sunansa ba sai su ja baya da shi ba tare da sun gaya masa dalili ba. Ka saba da su tukuna, sannan ka tambayi shugaban ko an yarda a saida abu, wasu ƙungiyoyin ma rana guda suke warewa don haka.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kuɗi. Mu a Kasuwar Dole mai kaya ya ce saya, kai ka taya, ya ce albarka, a yi ta ja har a daidaita. Can kuwa kai ne za ka fara faɗin farashi ƙarara, keke yuro 120, shi ke nan, in ba ragi ka ce ba ragi, in akwai ka faɗa, kuma ragin nasu kaɗan ne, kar ka ninka kuɗi don jiran tayi domin ba mai tayawa, wucewa kawai za a yi. Kai ma in kana saye kar ka taya rabi, cin fuska suke ɗaukarsa. Kuma daina lissafin sefa, yuro 1 kusan sefa 656 ne, yuro 20 ta zama jika 13 sai ka ga kamar dukiya, alhali can ba ta kai ko'ina.

Sai aibin kaya. Wallahi nan ne mutuncinka yake. Birki na ƙara, sarƙa ta yi tsatsa, gilashin kamara ya ɗan karce, ka faɗa da bakinka ka nuna wurin tun kafin a tambaya, hoton ma na kayan naka ne da ka ɗauka da rana, ba wanda ka samo a intanet ba. Addininmu ma ya hana ɓoye aibi a ciniki, kuma dokarsu ta ba mai saye shekara 2 daga ranar da ya gano ɓoyayyen aibi ya kai ƙara, ko da tsakanin mutum da mutum aka yi cinikin.

In ka ce ka ajiye ma wani, ka ajiye, ko wani ya zo da ƙari. Randebu ƙarfe 5 ƙarfe 5 ne, ku haɗu bakin tasha ko wurin ƙungiyar, ya gwada, ya biya, in an saida ka sanar don kar mutane su yi ta nemanka.

Masu tafiya da kayan fata na dukawanmu, jaka da takalmi na fatar akuya ba laifi, amma na kada ko mesa sai da takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar duniya ta kare namun daji masu fuskantar ƙarewa, in babu duwan na iya ƙwacewa. Rigunan ƙwallo na jabu kuwa kar ma ka soma, laifi ne babba. Kasuwar gwanjo ta unguwa da suke ce ma vide-grenier, wanda ba ɗan kasuwa ba sau 2 kawai a shekara aka yarda ya kafa tebur, kuma sai ya nuna katin shaida. Leboncoin da Vinted, shafukan intanet na saida tsofaffin kaya, su ma tun 2023 in ka kai ciniki 30 ko ka wuce yuro 2000 a shekara suna miƙa sunanka ga ma'aikatar haraji, don haka in abin ya fara zama sana'a ka fara duba ko takardar zamanka ta ba ka izini, ta ɗalibi dai ba ta yarda da kasuwanci na kanka ba.