Yadda za ka busa Romance uku na Schumann da obo a zafin Garwa

Wanda ya taso yana jin algaita a ƙofar fadar Lamiɗo ba zai ɗauki obo baƙo ba, don dukansu ta siririn bakin kara mai harshe biyu ake busa su. Kiɗan da nake so ka gwada shi ne Romance uku, wato gajerun kiɗe-kiɗe masu taushi irin na waƙa, da Robert Schumann, Bajamushe, ya rubuta wa obo da piyano a Disamban 1849, ya ba matarsa Clara kyautar Kirsimeti. Duka ukun kamar minti 12 ne, amma suna gwada ƙirjin mutum.

Fara da kula da kayanka. Iskar hunturu a nan Garwa, arewacin Kamaru, tana tsaga itacen obo, don haka ajiye shi cikin akwatinsa da ɗan soso mai damshi, kada ka bar shi a rana. Jiƙa bakin karan cikin ruwa minti biyu ko uku. Zafi yana ɗaga sautin obo sama, piyanon lantarki kuwa, wanda shi muka fi samu, ba ya motsi daga 440, wato ma'aunin sautin da ake daidaita kayan kiɗa a kansa. Sai obon ya ɗumama a hannunka tukuna ka daidaita sauti.

Babban aikin numfashi ne. Obo iska kaɗan yake ci, saboda haka ba ƙarewa iskarka take yi ba, tsohuwa ce take taruwa a ƙirji har kanka ya fara juyawa. Dole ka fitar da ita kafin ka shaƙi sabuwa. Ɗauki fensir ka yi alama iri biyu a takardar: nan zan fitar, nan zan shaƙa. Wani lokaci sai an yi gaɓa biyu na rubutun kiɗan tsakaninsu. Schumann makaɗin piyano ne, bai bar wa mai busa wuraren hutu da yawa ba, musamman a Romance na biyu, inda waƙar ke ta malala ba tsayawa. Shi ya sa nake cewa ka koyi na ɗaya, ka bi da na uku, ka bar na biyu ƙarshe.

Masu algaita sun iya tara iska a kumatu suna shaƙa ta hanci, sautin bai yanke ba. Je ka gaishe da dattijo cikinsu, ka ce, "Baba, a koya mini." A gida kuma ka riƙa hura tsinken shan lemo cikin kofin ruwa, kumfa na tashi kana shaƙa. Ni dai a wurare kaɗan nake amfani da dabarar, don wannan kiɗa yana son a ji numfashi a cikinsa irin na mawaƙi.

Sannan ka zauna da mai piyano, ya kwafi alamominka a tasa takardar. Inda za ka shaƙa, ya ɗan sassauta hannu ya jira ka. A Romance na ɗaya kuna miƙa wa juna waƙar ne, in ya karɓa ka rage murya ka saurare shi.